Yunit nawa ya dace da sabon kwas na digiri na biyu, kuma wa ke da maganar ƙarshe?

Wani matashin malami a tsangayar aikin gona ta ɗaya daga cikin jami'o'inmu ya aiko mini da tambaya. Bai daɗe da dawowa daga Maleshiya ba, inda ya yi digirinsa na uku a kan ban ruwa. Yana son shigar da sabon kwas cikin karatun digiri na biyu na sashensu, a kan sarrafa ruwan noman rani da famfo mai aiki da hasken rana. Ya rubuta masa yunit huɗu, shugaban sashe ya soke ya mayar biyu, ya kuma shaida masa cewa ko an amince, ba bana za a fara koyar da shi ba. Shi ne yake son sanin da wane ma'auni ake yanka yunit, wa ke da ikon amincewa, kuma anya ba ƙafar ungulu ake yi masa ba.

Dakta, barka da dawowa, Allah ya sa albarka a karatun. Na zauna a kwamitin karatun gaba da digirin farko na sashe da na tsangaya shekaru da dama, na ga takardu irin taka sun wuce, na ga wasu sun kwanta a aljihun tebur har masu su suka manta da su. Daga abin da ka faɗa, ban ga ƙafar ungulu ba. Shugaban sashenka ya yi daidai a kan maganar lokaci. A kan yunit kuwa, ina ganin ku biyun duk kun ɗan kauce, kuma zan nuna maka inda.

Amma tukuna mu raba gari da tsakuwa, domin kalmar "kwas" a bakinmu kaya biyu take ɗauka. In aka tambayi yaro wane kwas yake yi ya ce aikin gona, shirin karatu gaba ɗaya yake nufi, wanda ake ba da digiri a ƙarshensa. In kuma ya ce ya faɗi kwas biyu a wannan zangon, darussa biyu yake nufi daga cikin shirin. Hanyar amincewa da waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ce. Darasi guda da za a ƙara cikin shirin da yake da izini, magana ce ta cikin gida, kuma tana ƙarewa a Sanet, wato majalisar manyan malaman jami'a wadda shugaban jami'a ke jagoranta. Sabon shiri kuwa, a ce digiri na biyu sukutum a kan ban ruwa, ko Sanet ta amince ba a ɗaukar ɗalibi ko ɗaya sai Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta turo tawaga ta ga malamai da ɗakunan gwaji da laburare da idonta, sannan ta ba da izini a rubuce. Naka na farkon ne, don haka ka kwantar da hankalinka, ba sai takardarka ta je Abuja ba.

To yanzu yunit. Kuskuren da kusan kowane sabon malami yake yi shi ne ya ɗauki yunit a matsayin lambar girma. In kwas ɗinsa yana da huɗu na abokinsa biyu, to iliminsa ya fi. Ba haka abin yake ba. Yunit mudu ne. Mudun gero da mudun shinkafa kwano ɗaya ne ya auna su, ko da kuɗinsu ya bambanta a kasuwa. Abin da yunit ke aunawa lokaci ne, ba daraja ba. A tsarin da jami'o'in Najeriya ke bi, yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lakca kowane mako har makonni 15 na zangon karatu, wato awa 15. In aikin ɗakin gwaji ne ko na fili, awa uku a mako ce ke zama yunit ɗaya, wato awa 45 a zango. Dalilin wannan bambanci kuwa, ana ɗauka cewa ɗalibin da ya saurari lakcar awa ɗaya zai koma ya yi karatun kamar awa biyu shi kaɗai, alhali aikin gwaji a nan take ake yin mafi yawansa.

Saboda haka da ka rubuta huɗu, alkawari ka ɗauka cewa za ka tsaya gaban ɗalibai awa 60 a zango, ko awa 45 ta lakca da 45 ta fili. Ɗauki takarda ka jera makonni 15 ɗin, ka rubuta abin da za ka koyar a kowace awa. Na sha sa matasan malamai su yi wannan a gabana, kuma yawancinsu zuwa mako na tara alƙalami ya fara jan ƙafa. Abin da mutum ya sani bayan shekara huɗu yana bincike a kan abu guda yana da zurfi, amma zurfi daban, faɗi daban. Kundin digirinka na uku rijiya ce, kwas kuma tafki ake so.

Sai dai shi ma shugaban sashe, da ya mayar da shi biyu, ina jin lakca kaɗai ya lissafa. Kwas a kan famfon hasken rana da ba a fita fili ba, tatsuniya ce. Ɗalibi yana bukatar ya auna yawan ruwan da rijiyar burtsatse ke bayarwa, ya lissafa tsawon da famfo zai ɗaga ruwa, ya daidaita yawan faifan hasken rana da ƙarfin famfon, ya ga yadda ƙurar hunturu ke rage wutar da faifan ke bayarwa, ya tsaya a fadama ya ga yadda manomin tumatir ke raba ruwa a kwami-kwami. Wannan ba a allo ake koyonsa ba. Da ni ne kai, uku zan nema: biyu na lakca, awa 30, ɗaya na fili, awa 45. Ka rubuta shi haka ɓaro-ɓaro a takardar, ka nuna makonnin da za a fita da inda za a je. Mutum yana iya musu da son ranka, amma da wuya ya yi musu da jadawali.

Akwai kuma abin da ba ka gani daga inda kake zaune, shi kuwa shugaban sashe yana ganinsa kullum. Shirin digiri na biyu buhu ne mai iyaka. A fannoni da yawa abin da ake bukata kafin a kammala yana farawa ne daga wajen yunit 30, kuma a ciki kundi yana cin shida. Cire hanyoyin bincike da ƙididdiga da samina da sauran darussan dole, ka ga abin da ya rage wa darussan zaɓi. In naka ya ɗauki huɗu, to ko dai a kori wani kwas, ko a ƙara wa ɗalibi kaya, ko kuma ɗalibai su guje shi su ɗauki ƙanana biyu. Na ukun shi ya fi faruwa, kuma ba ragwanci ba ne, lissafi ne. A matakin gaba da digirin farko makin ci 50 ne, ba 40 ba. Wajen fitar da matsakaicin maki, sakamakon A yana ba da maki biyar, B huɗu, C uku, kowanne ana ninka shi da yawan yunit, sannan a raba jimillar da yawan yunit ɗin da aka ɗauka. Ɗauki ɗalibar da ta sami A a darussa uku masu yunit bibbiyu, ta sami C a naka. In naka biyu ne, tana da 36 a raba da 8, wato 4.5. In huɗu ne, tana da 42 a raba da 10, wato 4.2. Ilimi ɗaya, jarrabawa ɗaya, amma alƙalaminka ya sauko da ita. Ga mai neman wucewa digiri na uku, wannan tazara ba wasa ba ce. Ɗalibai sun fi mu sanin wannan lissafi, kuma sabon kwas mai nauyi a hannun malamin da ba su san yadda yake ba da maki ba, ba mai kusantarsa.

Tun da daga Maleshiya ka dawo, na san inda huɗun ta samo asali. Can hukumar tantance karatunsu tana auna kiredit ɗaya, wato yunit ɗinsu, da awa 40 ta dukkan wahalar ɗalibi: zama a aji, karatu a ɗaki, rubuta aiki, shirin jarrabawa da ita kanta jarrabawar. A Ingila kiredit ɗaya awa 10 ce ta irin wannan lissafi, shi ya sa digiri na biyu na shekara ɗaya yake da kiredit 180, ka ji adadi kamar na kuɗin sadaki. A nahiyar Turai, tun bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, shekarar karatu kiredit 60 ce, kowanne awa 25 zuwa 30. Maƙwabtanmu na Nijar, da suke bin tsarin LMD, wato matakan digiri na farko da na biyu da na uku, kamar sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, kiredit 30 suke lissafawa a zango, digirin farko 180, na biyu 120. Shi ya sa in ɗalibi ya zo daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da takardar sakamako mai ɗauke da 120, wanda bai sani ba sai ya zaci ya ninka namu sau huɗu. Bai ninka ba, mudunsu ne daban. Na taɓa zama a taron da aka kusa awa guda ana jayayya a kan irin wannan takarda, kafin wani dattijo ya ce a daina kallon lambar a tambayi awa nawa yaron ya zauna a aji.

Namu mudun daga Amurka ya zo. A farkon ƙarni na 20 attajiri Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 don a kafa asusun fansho na malaman jami'a, sai gidauniyar da ke riƙe da kuɗin ta bukaci ma'aunin da za ta gane makarantar da ta cancanta. A 1906 ta fito da ma'aunin awa na karatun sakandare, daga nan irin wannan lissafi ya bazu zuwa jami'o'i. Ka ga ke nan tun asali ba don auna ilimi aka ƙirƙiro shi ba, don sauƙin mulki ne. A nan gida, Jami'ar Nsukka da aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ita ta fara da salon Amurka, sauran tsofaffin jami'o'in kuma suka daɗe a kan salon Ingila na jarrabawar ƙarshen shekara. Doka ta 16 ta shekarar 1985 ce ta ba NUC ikon shimfiɗa mafi ƙarancin mizani da tantance shirye-shirye, a 1989 ta fitar da mizanin farko, kuma a wannan tsakanin ne tsarin yunit da zango biyu ya game jami'o'in ƙasar. Kundin mizanin karatun gaba da digirin farko ya fito a 2011. Sabuwar manhajar nan ta CCMAS da aka ƙaddamar a Disambar 2022, wadda ta bar wa jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da kanta, ta digirin farko ce. Kada ka kafa hujja da ita a takardarka, wani zai kama ka a nan.

Ni kaina ina da ja da wannan ma'auni a matakin digiri na biyu, ba zan ɓoye maka ba. Ɗalibin wannan mataki ya kamata mafi yawan karatunsa ya zama shi kaɗai ne da takardun bincike, malami yana yi masa jagora. Ma'aunin da ke ƙirga awar tsayuwar malami gaban allo yana sa mu mayar da manyan mutane 'yan aji ɗaya, muna karanta musu suna rubutawa. A wannan fuskar lissafin Maleshiya ya fi namu gaskiya. Amma ba takardar kwas ɗinka ce za ta gyara wannan ba. Abin da za ka iya shi ne ka rubuta a ciki irin karatun da kake sa ran ɗalibi zai yi a wajen aji, ko da ba wanda ya tambaye ka.

Sai hanyar da takarda ke bi. Sunayen kwamitoci suna ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma matakalar kusan ɗaya ce. Daga hannunka zuwa kwamitin karatun gaba da digirin farko na sashe, sai taron sashe gaba ɗaya. Daga nan tsangaya, kwamitinta sannan babban taronta. Sai hukumar makarantar karatun gaba da digirin farko, inda wakilan dukkan tsangayoyi ke zama. Ofishin tsare-tsaren karatu zai duba ko ta dace da mizanin NUC, kwamitin manhaja na Sanet ya tace, sannan Sanet ta amince. Majalisar gudanarwar jami'a ba ta shiga maganar manhaja sai in akwai kuɗi ko ɗaukar ma'aikata a ciki. Shugaban sashe ba shi da ikon yanka yunit shi kaɗai, kai ma ba ka da shi. Abin da ya yi shawara ce mai nauyi, domin shi zai tashi ya kare takardar a wuraren da ba za a gayyace ka ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka yin faɗa da shi.

Kowane mataki da irin tambayarsa, kuma in ka san su tun kafin ka rubuta, ka rage wa kanka zirga-zirga. A sashe tambayar farko ita ce wa zai koyar in ba ka nan. Kada ka ji haushinta. Na ga kwas mai kyau da aka amince da shi saboda mutum ɗaya, bayan shekara biyu ya tafi hutun bincike ƙasar waje bai dawo ba. Kwas ɗin ya zauna a littafin manhaja shekara da shekaru, ɗalibai suna gani suna sha'awa, ba mai koyarwa, har tawagar tantancewa ta NUC ta zo ta tambayi takardun jarrabawarsa aka yi ta kallon juna. Nemi abokin aiki mai digiri na uku da zai yarda a sa sunansa tare da naka, kuma ya zama da gaske zai shiga aji, ba aron suna ba.

A tsangaya da makarantar gaba da digiri, tambayar ita ce ko wani yana koyar da wannan abu tuni. A nan ne takardu suka fi mutuwa. Kwas ɗinka yana taka gonar mutane aƙalla uku: injiniyoyin aikin gona za su ce famfo da bututu nasu ne, injiniyoyin lantarki za su ce faifan hasken rana nasu ne, masu kimiyyar ƙasa za su ce ruwan da ke shiga ƙasa nasu ne. In wakilinsu ya fara jin labarin a zauren taro, zai ɗaga hannu ya ce a mayar da takardar a tuntuɓi sashensu, kuma ba wanda zai ce bai yi daidai ba. Wata uku sun tafi ke nan. Maganin abin shi ne ka taka da ƙafarka ka je ofisoshinsu tun takardar tana zane na farko. Ka gaishe da farfesan da ya shekara ashirin yana koyar da ban ruwa, ka ce ranka ya daɗe ga abin da nake tunani, a duba mini. Zai gyara maka abu biyu ko uku, wataƙila ɗaya daga ciki ma gyaran gaske ne, kuma ranar taro shi zai fara cewa ya gani ya gamsu. In ta yiwu ka samo takarda daga sassan cewa ba su da ja, ka liƙa a baya. Mafi kyau ma, ka ba su mako biyu ko uku su koyar a ciki, ka buɗe wa ɗalibansu ƙofa su ɗauka.

Tambayar kayan aiki ita ma tana zuwa. In ka rubuta awa 45 ta fili, za a ce ina famfon, ina faifan, wace mota za ta kai ɗalibai fadama, wa zai sayi mai. Kada ka ce za a nema daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Kowa ya san wannan amsa, kuma kowa ya san ma'anarta babu. Faɗi abin da ke ƙasa yau: gonar gwaji ta tsangaya, rijiyar da ke cikinta, manoman da ke kusa da suka riga suka kafa irin wannan famfo kuma suka yarda a kawo musu ɗalibai. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, to gaskiyar shugaban sashe ta fito, ka karɓi biyun ka fara da su, in kaya sun samu ka dawo ka nemi ƙari. Yunit ɗin fili da ba a fita filin ba, ƙarya ce da hatimin jami'a a kai.

Ita kanta takardar ba ta bukatar tsawo. Sunan kwas gajere, wanda zai shiga layi ɗaya a takardar sakamako kuma wanda ya karanta a wata ƙasa ya gane. Lamba a jerin 800, tunda 700 ta babbar difloma ce, 900 kuma ta digiri na uku. A wurare da yawa lambar mara ta zangon farko ce, cika ta na biyu, a Jami'ar Bayero kuma an daɗe ana sa yawan yunit a cikin lambar kanta, don haka tambayi jami'in jarrabawa na sashe kafin ka ƙaga taka. Ka faɗi ko na dole ne ko na zaɓi, kuma ina ba ka shawara ka fara da zaɓi, domin mayar da shi dole yana nufin taɓa tsarin shirin gaba ɗaya. Ka faɗi abin da ɗalibi zai riga ya sani kafin ya shiga. Sai dalilin kawo kwas ɗin, kuma a nan ka yi maganar ƙasarmu: tsadar man fetur tun bayan cire tallafi a 2023 ta sa manoman rani da yawa suna komawa hasken rana, kuma ana bukatar masu ilimin da za su hana a sayar wa manomi famfon da ya fi ƙarfin rijiyarsa. Wannan hujja ta fi "haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba" sau goma.

Wurin da nake so ka ɓata lokaci shi ne abin da ɗalibi zai iya yi bayan ya gama. Kada ka rubuta zai fahimci kaza, zai san kaza. Ba a auna fahimta da ido. Rubuta cewa zai iya tsara ban ruwan kadada ɗaya ta albasa tun daga rijiya har kwami, ya fitar da kuɗin da za a kashe, ya kare lissafinsa a gaban mutane. In ka rubuta haka, yadda za ka raba maki ya fito da kansa: kashi 30 ko 40 na aikin cikin zango, yadda dokar jami'arku ta tanada, sauran na jarrabawa. Kuma a nan ne za a gane ko kwas ɗin na digiri na biyu ne da gaske, ko kuwa na 'yan aji huɗu ne aka canja wa lamba. Wannan ciwo ya yi mana yawa. Mai jarrabawa na waje, wato malamin wata jami'a da ake gayyatowa ya duba jarrabawa, in mai gaskiya ne, da ya ga tambayoyin zai rubuta a rahotonsa.

Saura maganar "ba bana ba". A nan shugaban sashenka ya yi maka gata. Tarukan nan ba kullum ake yin su ba. Taron tsangaya yana iya zama sau ɗaya ko biyu a zango, kwamitin manhaja sai takardu sun taru, in kuma an shiga yajin aiki komai ya tsaya, kamar yadda aka yi wata takwas a 2022. Takardar da ba ta gamu da cikas ba tana iya cin zango biyu kafin ta fito. Kuma ko Sanet ta amince yau, sai an sa kwas ɗin a shafin rajista na intanet da littafin manhaja, sannan sababbin ɗalibai su tarar da shi. Waɗanda suka riga suka shiga, da manhajar da aka ɗauke su a kanta za su fita.

Abin da nake roƙonka da girman Allah kada ka yi shi ne fara koyarwa kafin amincewa ta fito, da sunan ai takarda tana hanya. Na ga an yi. Wani abokin aikinmu, mutumin kirki mai ƙwazo, ya tara ɗalibai goma sha wani abu ya koyar da su zango guda cur, ya yi musu jarrabawa, ya ba da maki. Da sakamako ya isa makarantar gaba da digiri aka nemi lambar kwas ɗin a cikin abin da Sanet ta amince aka rasa. Sakamakon ajin gaba ɗaya ya tsaya. Waɗanda suka dogara da wannan yunit don cika adadinsu sai da suka sake rajistar wani kwas, suka ƙara zango, suka ƙara kuɗin makaranta, cikinsu har da mai jiran takardar don ƙarin girma a wurin aiki. Shi malamin takardar tuhuma kawai ya samu. Ɗaliban ne suka biya. Wata dabarar da ake yi, a koyar da sabon abu a ƙarƙashin lambar tsohon kwas, ita ma ba ta da kyau, domin takardar sakamako za ta ce ɗalibi ya karanta abin da bai karanta ba.

Akwai hanyar halal ta gwada kayanka kafin lokacin. Yawancin shirye-shirye suna da samina, wasu kuma suna da kwas na batutuwa na musamman wanda aka bar ƙunshiyarsa a buɗe don irin wannan. Nemi a ba ka mako uku ko huɗu a ciki bana. Ka fita da ɗalibai fili sau ɗaya, ka ga awa nawa abin yake ci da gaske, daga tashin mota har dawowa. Ka ba ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda kake duba kundinsu batun bincike a wannan fanni. Ka ajiye takardar halarta da ayyukan da suka yi.

Sannan ka koma wurin shugaban sashe, ba a taro ba, a ofishinsa bayan la'asar lokacin da mutane suka ragu. Ka riƙa jadawalin makonni 15 ɗin, da sunan wanda zai koyar tare da kai, da takardar sashen injiniya. Ka ce masa ka sauko daga huɗu, kana neman biyu na aji da ɗaya na fili, ka nuna masa gonar da za a je da ranakun. Ka tambaye shi ranar da kwamitin sashe zai zauna, da kwana nawa kafin nan sakatare yake rufe karɓar takardu.